Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da binciken cututtukan ciki

Duk wanda ya ratsa ajin tarihi a Arewacin Najeriya ya san Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da cin Alƙalawa, da gina birnin Sakkwato, da riƙon Daular Usmaniyya na shekara 20. Kaɗan ne aka gaya wa cewa wannan sarki, a tsakanin yaƙi da shari'a da amsa wasiƙun sarakuna, ya zauna ya rubuta littafi sukutum a kan basir, wani a kan tsutsar ciki, wani kuma a kan yadda ake sassauta ciki da ganyen sana, wato dangin filasko.

An haife shi a shekarar 1781, daidai da 1195 bayan Hijira. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mahaifiyarsa kuma Hauwa'u. Ya tashi a Degel, a gidan da karatu ne sana'ar maza da mata. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa, da ƙanen mahaifinsa Malam Abdullahi, wanda daga baya aka fi sani da Abdullahin Gwandu, da kuma wansa Muhammadu Sa'adu. A manhajar malaman wancan zamani ilimin ɗibbu reshe ne na karatu, ana ɗaukarsa tare da fiƙihu da nahawu da hisabi, domin malamin gari shi ake kai wa maras lafiya kamar yadda ake kai masa rabon gado.

Yana ɗan shekara 22 jama'ar Shehu ta yi hijira zuwa Gudu, a watan Fabrairun 1804. An yi nasara a Tabkin Kwatto a wannan shekara, amma kafin ta ƙare aka sha kashi a Tsuntsuwa, inda aka rasa mutum kusan 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Bayan takobi kuma ga yunwa, ga cuta a sansani. Wanda ya ga yadda ruwa maras kyau da ƙarancin abinci ke kayar da runduna ba zai ɗauki ciwon ciki ƙaramin al'amari ba, kuma a ganina nan ne ya kamata a nemi tushen damuwar Bello da wannan fanni. Shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808. A 1809 ya kafa Sakkwato, a 1812 ya kammala Infaƙul Maisuri, kuma da Shehu ya rasu a watan Afrilun 1817 aka yi masa mubaya'a.

Masana sun ƙirga masa rubuce-rubuce sama da 100, kuma wani kaso daga ciki na likitanci ne. Akwai na ɗibbun Annabi, kamar Al-Mawaridun Nabawiyya, akwai Masugul Lujaini a kan ciwon ido. Uku kuwa sun tsaya a kan hanji: Al-Ƙaulul Mansur a kan maganin basir, Tanbihul Ikhwan a kan magungunan tsutsar ciki, da Al-Ƙaulus Sana a kan sassauta ciki. Ƙananan littattafai ne, irin waɗanda almajiri zai kwafa cikin 'yan kwanaki ya tafi da su garinsu. Abin lura shi ne zaɓin batutuwan. Basir ciwo ne da ake jin kunyar faɗarsa ko a yau, balle a ce sarki ya sa sunansa a kan littafin da ke bayaninsa. Bello ya yi haka ne a matsayinsa na malami wanda aka ɗora wa alhakin jama'a, wanda yake ganin lafiyar jikinsu tana cikin amanar da ke wuyansa.

Ba shi da ɗakin gwaje-gwaje, ba shi da madubin ganin ƙwayoyin cuta. Hanyarsa ita ce ta malaman zamaninsa: ya tattaro abin da hadisai suka zo da shi, ya haɗa da maganganun likitocin Musulunci da suka gaji ilimin Yunanawa, ya taƙaita domin amfanin mutanen ƙasarsa. A wannan tsarin ana ganin jiki yana tsaye ne a kan ruwaye huɗu, wato jini da majina da safara'u da sauda'u, kowanne da ɗabi'arsa ta zafi ko sanyi, danshi ko bushewa. Cuta tana zuwa in ɗaya ya rinjayi sauran, magani kuma shi ne a fitar da wanda ya yi yawa. Shi ya sa maganin wankin ciki yake da babban matsayi a wurinsu. Likitancin yau ya ajiye wannan bayani, amma inuwarsa tana nan a bakinmu duk lokacin da muka ce zafi ne ya yi wa mutum yawa ko sanyi ya kama shi.

Ganyen da ya rubuta littafi a kansa kuwa bai tsufa ba. Sana yana da asali a hadisi: Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya tambayi Asma'u 'yar Umaisu abin da take sassauta ciki da shi, ta ambaci wani tsiro mai tsananin zafi da ake kira shubrum, daga baya ta koma ga sana, ya kuma yaba shi. Yau wannan ganye yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ƙwayar sana da ake saye a kantunan magani na Maitama daga shi aka sarrafa ta, sai dai an auna ta an zuba a kwali.

Yadda yake aiki ne bai bayyana ba sai bayan rasuwar Bello. A 1857 wani masani Bajamushe, Georg Meissner, ya gano saƙar jijiyoyi a cikin bangon hanji, a 1862 kuma Leopold Auerbach ya gano wata saƙar a tsakanin tsokokin hanjin. A 1899 William Bayliss da Ernest Starling suka nuna a Landan cewa ko an yanke jijiyoyin da suka haɗa hanjin kare da ƙwaƙwalwa da laka, hanjin yana ci gaba da matsawa yana tura abin da ke cikinsa gaba. Ashe hanji yana da nasa tsarin bayar da umarni, mai ƙwayoyin jijiya sama da miliyan 100. Sinadarin da ke cikin sana yana wuce tumbi da ƙaramin hanji ba tare da ya yi wani tasiri ba. Sai ya isa babban hanji ƙwayoyin halittar da ke zaune a can su farfasa shi, abin da ya fito ya zaburar da waɗannan jijiyoyi, ya kuma sa hanji ya tara ruwa. Wannan doguwar tafiya ce ta sa wanda ya sha da dare ba ya ganin aiki sai da safe, bayan awa 6 zuwa 12.

A nan mai fassara yakan yi tuntuɓe. Hausa tana da kalma ɗaya, jijiya, ga abin da ke ɗaukar jini da abin da ke ɗaukar saƙo, har ma da agara. Larabcin da Bello ya yi rubutu da shi ya raba su, irƙu daban, asabu daban. Bambancin yana da amfani ga batunmu. Basir kumburi ne na jijiyoyin jini a ƙarshen hanji, wanda yawan yunƙuri da taurin bayan gida da juna biyu ke jawowa. Zafinsa kuwa ya dogara ga jijiyoyin saƙo. Wanda ke can ciki yana wurin da babu jijiyoyin da ke kai saƙon zafi irin na fata, don haka yakan zubar da jini ba tare da ciwo ba. Na waje yana wurin da suke da yawa, shi ne mai hana zama.

Wannan zubar jini marar ciwo ita ce abin tsoro a yau. A tashoshin mota da kasuwanni, masu tallar magani da lasifika sun mayar da basir uwar kowace cuta, daga ciwon baya har raunin mazakuta. Mutum zai ga jini a bayan gida ya yi wata da watanni yana shan jiƙo, alhali sankarar babban hanji ma da irin wannan alama take fara bayyana, kuma ana iya maganinta in an gano ta da wuri. Shi kansa sana, in aka daɗe ana sha, yana ƙarar da ruwan jiki da gishirin fotasiyam da zuciya ke buƙata, kuma haɗari ne ga wanda hanjinsa ya toshe. Likitoci ba sa son a wuce mako guda ana shansa ba tare da an gan su ba. Mai tallar da ke kafa hujja da magabata ya manta cewa su magabatan sun yi karatun abin, sun rubuta shi, sun sa sunayensu domin a iya tuhumarsu.

Bello da kansa ya san ilimin da ke hannunsa yana da iyaka, ya kuma nemi ƙari. Da Kyaftin Hugh Clapperton ya iso Sakkwato daga Tarabulus ta Barno a watan Maris na 1824, likitan ayarinsu, Walter Oudney, ya riga ya mutu a hanya kusa da Katagum. Cikin abin da Sarkin Musulmi ya nema daga Sarkin Ingila, tare da jakada da hulɗar ciniki, har da likita wanda zai zauna a ƙasarsa. Clapperton ya sake tasowa a 1825 ta bakin teku tare da likitoci biyu, Morrison da Dickson, amma babu wanda ya iso Sakkwato a cikinsu. Ya zo da kyautar littattafan Larabci, ciki har da littafin lissafi na Iƙlidisu, sai Bello ya shaida masa cewa gidansu ya taɓa mallakar kwafinsa, gobara ce ta cinye shi. Ziyarar ta biyu ba ta yi daɗi ba, domin ana yaƙi da Barno a lokacin, ga shi kuma baƙon yana ɗauke da wasiƙa da kaya zuwa ga Shehu Al-Kanemi, aka karɓe su. Clapperton ya kwanta da zazzaɓi da atuni, ya mutu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilun 1827, yana da shekara 38.

Kwafe-kwafen littattafan Bello suna nan a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da jami'o'in Zariya da Ibadan. John Hunwick ya jera su a kundinsa na 1995, Isma'il Abdalla ya nazarce su a littafinsa na 1997, Farfesa Mukhtar Umar Bunza na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma ya yi aiki a kan rubuce-rubucen likitanci na daular. Aikin da ya rage na haɗin gwiwa ne: masanin Larabci ya tace matani, masanin tsirrai ya tantance sunayen itatuwa, masanin haɗa magunguna ya gwada, a fitar da fassarar Hausa. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da Asusun TETFund, waɗanda duka hedikwatarsu ke Maitama, su ne ke da ikon sa irin wannan aiki a manhaja da kuma ɗaukar nauyinsa.

Shekarunsa na ƙarshe ya fi yin su a Wurno, ribaɗin da ya gina domin tsaron iyakar arewa maso gabas. A 1836 ya jagoranci yaƙin Gawakuke, inda ya karya haɗakar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa. Ya rasu a Wurno a watan Oktoban 1837, daidai da Rajab 1253, bayan doguwar jinya, yana da shekara kusan 56, a can kuma aka binne shi. Ƙaninsa Abubakar Atiku ya gaje shi, ƙanwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, ta yi masa marsiyya. Allah Ya jiƙansa da rahama.