Niels Lassen: Likitan da ya zana taswirar gudun jini a ƙwaƙwalwar mai rai

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke turawa. Idan jinin ya tsaya na 'yan mintoci a wani sashe, sai a samu shanyewar ɓarin jiki. Niels Lassen na cikin likitocin da suka samo hanyar auna wannan jini ba tare da an buɗe kai ba.

An haife shi a birnin Kofenhagen na ƙasar Denmak a shekarar 1926. Mahaifinsa ma likita ne, wanda ya jagoranci asibitin Blegdam lokacin annobar shan inna ta 1952. Niels ya kammala karatun likita a 1951.

A wancan lokaci, hanyar da Seymour Kety na Amurka ya ƙirƙiro tana ba da adadi ɗaya ne kacal na ƙwaƙwalwar gaba ɗaya, wato kimanin mililita 50 a kowane giram 100 cikin minti guda. Ba ta nuna sashen da ke cikin matsala.

A farkon shekarun 1960, Lassen da abokin aikinsa David Ingvar na Suwidin suka fara zuba iskar gas mai fitar da ɗan tiririn nukiliya a jijiyar wuya, da farko kiripton-85, daga baya zenon-133. Na'urorin da aka jera a gefen kai suna bibiyar yadda iskar ke gushewa. Inda ta gushe da sauri, jini na gudu sosai a wurin.

Da na'ura mai idanu 254 a asibitin Bispebjerg, ya nuna cewa idan mutum ya motsa hannu ko ya yi magana, jini na ƙaruwa a sashen da ke wannan aiki.

A 1966 ya ja hankalin likitoci kan wani tarko: sashen da ya lalace yakan samu jini fiye da buƙatarsa. Ke nan yawan jini a hoto ba shaida ba ce cewa wurin lafiya yake.

Sai dai huda jijiyar wuya na da haɗari, don haka ba kowane majinyaci ake yi wa ba. Wajen 1980, Lassen da tawagarsa suka ƙera na'urar da ke zagaya kai, majinyaci kuma ya shaƙi zenon kawai, kwamfuta ta fitar da hoton ƙwaƙwalwa yanki-yanki. Irin wannan hoto ne ake kira SPECT, wanda har yau ake amfani da shi wajen binciken farfaɗiya da cutar mantuwa.

Lassen ya rasu a 1997 yana da shekara 70.