Mechnikof, Wanda Ya Gano Sojojin Jiki

An haifi Iliya Mechnikof a shekarar 1845, a wani ƙauye kusa da Harkif a ƙasar Yukren, wadda a wancan zamani take ƙarƙashin Sarkin Rasha. Tun yana yaro ba abin da yake so kamar duban ƙwari da tsirrai. Da ya girma ya zama babban malami a birnin Odesa.

A 1882 ya bar aiki, ya tafi Masina, wani gari a bakin teku a Italiya. To, akwai wata dabbar teku mai siffar tauraro, 'ya'yanta garau suke kamar ruwa, har ana ganin cikinsu. Ran nan Mechnikof ya samo ƙayar fure ya soka musu. Da gari ya waye ya duba da madubin likita, sai ya ga waɗansu 'yan ƙwayoyi masu yawo sun taru sun kewaye ƙayar. Nan ya gane cewa haka fararen ƙwayoyin jininmu suke yi. In ƙwayar cuta ta shiga jiki, sai su auka mata su haɗiye ta. Mugunyar da ke fita daga miki yawancinta gawawwakin sojojin nan ne.

Likitoci da yawa suka ƙaryata shi, suna ganin ruwan jini ne kaɗai ke kashe cuta. Bai karaya ba. A 1888 ya koma Faris wurin mashahurin malamin nan Pasteur, ya ci gaba da gwaji shekara da shekaru. A 1908 aka ba shi lambar Nobel tare da Paul Ehrlich na Jamus, mai binciken ruwan jini. Ashe kowannensu da gaskiyarsa. Mechnikof ya rasu a Faris a 1916.

Amma wa ke tashe sojojin? Masanan da suka biyo bayansa sun gano cewa a bayan kowace ƙwaya akwai 'yan tsaro da suka san alamar cuta. Da sun taɓa ta, sai saƙo ya bi hannu hannu har tsakiyar ƙwayar. Ita kuwa sai ta saki wani sinadari mai kiran 'yan'uwanta, kamar an buga gangar yaƙi. Shi ya sa miki yake kumbura ya yi zafi. A 2011 aka ba Jules Hoffmann da Bruce Beutler lambar Nobel saboda gano 'yan tsaron nan. Hanyar da suka bi kuwa, ƙayar Mechnikof ce ta buɗe ta.