Gani Odutokun: Malamin ABU da ya tunkari masu mulki da gawayi

A ƙauyukan Rimin Gado da kewaye, an san gawayi da hura wutar girki da guga, sai kuma tawadar allo da almajirai ke haɗawa da ƙaro. Amma a Zariya an yi wani malami da ya mayar da gawayi alƙalamin faɗa wa shugabanni gaskiya, a lokacin da furta ta da baki ke iya kai mutum kurkuku. Shi ne marigayi Gani Odutokun.

An haife shi a garin Nsawam na ƙasar Ghana a 1946. Iyayensa Yarbawa ne ’yan asalin Offa da ke Jihar Kwara ta yanzu. Bayan ya dawo Najeriya, ya shiga sashen koyar da zane na Jami’ar Ahmadu Bello, inda ya kammala digirin farko a 1975, na biyu kuma a 1979. A nan ya ci gaba da koyarwa har ƙarshen rayuwarsa.

Sashen ya yi suna tun 1958, lokacin da ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta ƙi bin salon Turawa ido rufe. Sai dai tushen horon bai canza ba: dole ɗalibi ya iya zana surar jikin ɗan Adam, ya san zaman ƙashi da tsoka. Gawayi ya dace da wannan aiki, domin yana da araha, ana murza shi da yatsa a fitar da inuwa, a goge a fitar da haske.

Odutokun ya yi amfani da wannan ƙwarewa a jerin zane-zanensa kan wani sarki da muƙarrabansa, ciki har da wanda ke nuna sarkin yana raha da janar-janar ɗinsa. Bai sa sunan kowa ba. Surar jikin da ya karkatar da gangan ce ke tona girman kai da raunin mai mulki. ’Yan Najeriya da suka rayu a zamanin mulkin soja ba su buƙaci fassara ba.

Ya kuma shahara da kwarara fenti mai ruwa-ruwa a kan ƙyallen zane, ya bar shi ya bi hanyarsa, sannan ya fitar da siffa daga ciki. Shi da abokan aikinsa, irin su Jerry Buhari da Jacob Jari, sun kafa ƙungiyar The Eye mai buga mujallar nazarin zane.

Ya rasu a watan Fabrairun 1995 a haɗarin mota, kan hanyarsa ta komawa Zariya daga wani baje kolin zane a Legas, yana da shekara 48. A shekarar 2000 an baje ayyukansa da na waɗanda suka koya daga gare shi a birnin Landan.