Likita Miller na Zariya: ɗariku barkatai, littafi guda

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan noma tsakanin Funtuwa da Malumfashi ranar Lahadi zai tarar da majami'un Angilika da na ECWA da na Katolika, ana waƙa da wa'azi da Hausa tsantsa. Tarihin wannan Kiristanci na Hausawa ba ya cika sai da sunan Walter Miller.

An haife shi a Ingila a 1872, ya karanta likitanci a Landan, sannan ya tafi Tarabulus ya koyi Hausa a bakin fatake da mahajjata. A 1900 ya shigo Kano cikin ayarin Bishop Tugwell na ƙungiyar CMS, Sarki Alu ya umarce su da su fice. Suka yada zango a Girku, daga bisani a 1905 Miller ya zauna cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin magani.

Zamansa bai yi wa mahukunta daɗi ba. Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addininsu ba, shi kuwa Miller ba ya ɓoye sukar zaluncin da yake gani a mulkin gargajiya. Ƙorafe-ƙorafensa na cikin abin da ya kai ga tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Wajajen 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, inda Yakubu Gowon ya tashi, kuma daga can aikin Angilika ya miƙa zuwa Maska da Bakori.

'Yan mishan na zamaninsa ba bakinsu ɗaya ba. Angilika suna yi wa jarirai baftisma, suna bin tsararriyar addu'a daga littafi, bishop ne kuma ke jagorancinsu. Mutanen SIM, waɗanda ECWA ta fito daga cikinsu a 1954, ba sa yi wa mutum baftisma sai ya mallaki hankalinsa ya furta bangaskiya, sa'annan a nutsar da shi cikin ruwa. Katolika kuwa suna ƙarƙashin Fafaroma, hadayar Mas ce ƙashin bayan ibadarsu, littafinsu ma ya ɗara na sauran da littattafai 7.

Cikin wannan rarrabuwa Miller ya duƙufa kan abin da zai iya haɗa kai. Tare da masu fassara daga SIM da SUM da Hausawan da suka san lungu da saƙo na harshen, ya jagoranci fassarar da ta fito a 1932 da sunan Littafi Mai Tsarki. Masu saɓani kan ruwan baftisma suka wayi gari suna karanta aya guda da lafazi guda, suna kiran Mahalicci Allah kamar maƙwabtansu Musulmi.

Ya bar CMS a 1935, amma bai iya rabuwa da Nijeriya ba. Ya dawo, ya rasu a Bukuru a 1952. Mutanen da suka karɓi addininsa a hannunsa ba su da yawa, sai dai fassararsa ta ba Kiristan karkarar Katsina abin da har yau yake kafa hujja da shi idan aka kira shi baƙo a ƙasar kakanninsa: addininsa da harshen uwarsa yake yin sa.