Hedy Lamarr: Tauraruwar fim da ta yi tunanin sa igiyar rediyo tsalle

Wanda ya shiga Banex Plaza da ke Wuse a Abuja zai iske wayoyi da na'urorin saurare birjik, Bluetooth da Wi-Fi na aiki a zango guda na gigahaz 2.4, amma ba su cika toshe juna ba. Cikin waɗanda suka fara tunanin irin wannan dabara akwai wata 'yar fim.

An haifi Hedwig Kiesler a birnin Vienna na Ostiriya ranar 9 ga Nuwamban 1914. A 1933 ta auri Fritz Mandl, attajiri mai kamfanin makamai. Auren ya zame mata ƙangi, ta gudu a 1937. A Landan ta haɗu da Louis B. Mayer na kamfanin MGM, ta nufi Amurka da sabon suna, Hedy Lamarr.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ita da makaɗi George Antheil suka duƙufa kan matsala guda: abokan gaba na iya toshe igiyar da ke sarrafa makamin ƙarƙashin ruwa. Shawararsu ita ce mai aikawa da mai karɓa su riƙa sauya mita tare, a tsakanin mitoci 88, adadin maɓallan fiyano. Sun samu rajistar ƙirƙirar a Agustan 1942, sai rundunar ruwan Amurka ta jingine ta.

Bluetooth na asali haka yake aiki: yana tsalle sau 1,600 a daƙiƙa a kan tashoshi 79. Wi-Fi kuwa tasha ɗaya mai faɗi yake kamawa ya zauna, ya saurara kafin ya aika saƙo. Tun 2003 aka tsara Bluetooth ya riƙa kauce wa tashoshin da maƙwabcin nasa ya mamaye.

Masu cewa ita ta ƙirƙiro Wi-Fi sun yi ƙari. Wasu sun riga ta tunanin sauya mita, kuma injiniyoyin Ericsson ne suka gina Bluetooth. Amma aikinta na nan a rubuce.

Rajistar ta ƙare a 1959 ba ta samu ko kwabo ba. Sai a 1997 gidauniyar Electronic Frontier ta karrama ta. Ta rasu a Florida ranar 19 ga Janairun 2000, tana da shekara 85.