César Milstein: Masanin da sojoji suka sa ya bar ƙasarsa, bincikensa ya isa asibitocin Jigawa

Duk wanda aka taɓa tsaga wa yatsa a asibitin Taura ko Ringim ko Dutse, aka ɗiga jininsa a 'yar na'urar gwajin maleriya, ya ci gajiyar aikin César Milstein, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

An haife shi ranar 8 ga Oktoba, 1927, a garin Bahía Blanca na ƙasar Ajantina. Mahaifinsa Bayahude ne da ya yi ƙaura daga yankin Yukren, mahaifiyarsa kuma malamar makaranta ce. Ya karanci ilimin sinadarai a Jami'ar Buenos Aires, sannan a 1958 ya samu tallafin ƙaro karatu a Cambridge da ke Ingila.

A 1961 ya koma gida aka ba shi shugabancin sashe a cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta ƙasa. Sai dai zaman bai yi tsawo ba. Bayan juyin mulkin soji na 1962 an sallami shugaban cibiyar da wasu abokan aikinsa. Milstein ya ajiye aiki, ya koma Cambridge a 1963. A can Fred Sanger ya ba shi shawarar ya karkata ga antibodi, wato sinadaran da jiki ke ƙerawa don kama duk wani baƙon abu da ya shige shi.

Matsalar da ya warware

Kamar yadda dabbar da aka kai kasuwar Maigatari ke ɗauke da shaidar mai ita, haka kowace ƙwayar halitta a jikin mutum ke da alamomi na furotin a bayanta. Wasu daga cikin alamomin nan su ne ƙofofin da saƙo ke bi ya shiga ƙwayar. Kowane antibodi alama ɗaya yake ganewa, amma a cikin jini suna cakuɗe ne iri-iri, ga shi ƙwayoyin da ke ƙera su ba sa daɗewa a wajen jiki.

A 1975 Milstein da wani matashin Bajamushe, Georges Köhler, suka haɗe ƙwayar saifar ɓera mai ƙera antibodi da ƙwayar kansa wadda ba ta daina hayayyafa. Abin da ya fito ya gaji halin iyayen biyu: yana ta yaɗuwa, yana kuma fitar da antibodi iri ɗaya tak.

Daga nan sai masana suka samu hanyar tantance alamomin ɗaya bayan ɗaya. Ta farko a jerin da ake kira CD, wato CD1, a ɗakin bincikensa aka gano ta tare da Andrew McMichael. Yau jerin ya haura 300.

Inda ake cin moriyarsa

Da irin wannan antibodi ake ƙidayar CD4 ga masu cutar HIV. Da shi ake duba alamar HER2 a kansar mama kafin likita ya zaɓi magani. Shi ne kuma a cikin tsinken gwajin ciki, da akasarin ruwan da ake gane rukunin jini da shi kafin a yi wa mai haihuwa ƙarin jini.

Hukumomin Birtaniya ba su yi wa fasahar rajistar mallaka ba, lamarin da ya jawo ce-ce-ku-ce daga baya. Shi kuwa Milstein ya riƙa aika ƙwayoyinsa ga masu bincike a ƙasashe daban-daban.

A 1984 aka ba shi kyautar Nobel tare da Köhler da Niels Jerne. Ajantina ta yi alfahari da ɗanta, amma aikin da ya kawo kyautar a Cambridge aka yi shi, shekara 12 bayan barinsa gida.

Ya rasu a Cambridge ranar 24 ga Maris, 2002, yana da shekara 74, bayan ya daɗe yana fama da ciwon zuciya.