Isma'il al-Azhari, mutumin da ya ɗaga tuta

Duk 1 ga Janairu, idan ana bikin 'yanci a Sinja, Isma'il al-Azhari nake tunawa. An haife shi a Umdurman a 1900. Malamin lissafi ne kafin siyasa ta ja shi, a 1954 ya zama firaminista na farko.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya bi ta majalisa. Ranar 19 ga Disamba 1955 'yan majalisa suka ayyana 'yanci da murya ɗaya, sannan suka zaɓi mutum biyar, har da ɗan Kudu, su maye gurbin gwamna-janar Bature. Ranar 1 ga Janairu 1956 shi da madugun adawa Muhammad Ahmad Mahjub suka ɗaga tuta tare a Khartum.

Mu kam, inuwar tutar ba ta kai gare mu nan take ba. Bayan ya sauka, dokar jinsiyya ta 1957 ta nemi zama a ƙasar tun 1897, alhali kakanninmu da yawa sun iso ne bayan yaƙin Burmi na 1903.

Ya rasu a tsare a 1969, bayan juyin mulkin Numeiri. Allah ya jiƙansa.